Farin da Ya Fito wa Hajo Mai Nono

A shekarun da ake tsakiyar aikin madatsar ruwan Challawa, babu direban tifa ko lebura a Karaye da bai san gindin ɗorawar da Hajo ke sauke ƙwaryarta ba. Bafulatana ce daga wata ruga a bayan Kwanyawa, doguwa, ta haura hamsin, bakinta kuwa ba ya ajiye magana ta kwana. Shekara ashirin da 'yan kai tana kawo nono wannan wurin. Kindirmonta in ka kafa ludayi a ciki, tsayawa yake. Ba ta sirka shi da ruwa, ba ta zuba masa garin kuka, in kuwa ka ce ya yi tsami sai ta ce harshenka ne ya kwana bai sha ruwa ba. Kusa da ita Tasalla mai fura ke zama. Mutum ya sayi fura wajen Tasalla, ya miƙa wa Hajo ta dama masa, ya samu gindin bishiya ya zauna. Haka aka saba, haka kuma ake ganin za a ci gaba.

Abin ya fara ne da ɗan tabo a bayan hannunta na dama, bai kai ƙwayar gyaɗa ba, fari sol. Ta ɗauka nono ne ya bushe mata. Ta wanke, yana nan. Ta sa toka ta dirje, yana nan, har kamar ya ƙara haske. Ba ƙaiƙayi, ba zafi, ba kumburi. Kafin a gama yankan gero ya zama uku, ɗaya ya sauka kan yatsa.

To, mutumin karkara ba ya ganin ɗan tabo ya kama hanyar asibiti. Wanzami yake nema. Wanzamin su Hajo kuwa shi ne Gwadabe, wani gajere mai tumbi, kullum zabira a kafaɗa, keke a ƙarƙashi. Shi ya yi wa 'ya'yanta bakwai askin suna, shi ya cire musu beli, kamar yadda ubansa ya yi wa mijinta. Daga Kwanyawa har Rogo Sabon Gari an san hannunsa a ƙaho, don tsagarsa uku-uku ce, a jere, kamar an auna da tsinke. Yana alfahari da wannan ƙwarai.

Ran da ya biyo ta rugar, Hajo ta tare shi a bakin shinge.

"Wanzam, sannu da hanya. Jingine kekenka ka duba min wannan abin."

Gwadabe ya riƙe hannun, ya juya, ya karkata kai kamar mai tayin akuya.

"Hajo, jini ne ya mutu. Kin cika taɓa sanyi. Nono sanyi, ruwan rijiya sanyi, raɓar safiya sanyi. Jinin ya gaji ya kwanta, ya koma kalar abin da kike sayarwa."

"Ka ce dai na fara zama nono."

"Da mun huta. Nono ba ya magana."

Ya shimfiɗa tabarma, ya fito da ƙahonni huɗu, ya kafa mata a sangalin hannu. Ya zuƙa, ya cire, ya tsaga, ya mayar. Jini ya taru baƙi-ƙirin, ya nuna mata yana kaɗa kai, wai ta ga abin da take yawo da shi. Da ya gama sai ya bi gefen kowane tabo da bakin aska, ya kewaye shi da 'yan tsage-tsage.

"Wannan kuma na mene ne?" in ji Hajo.

"Shinge na yi masa. Kada ya fita ya yi ɓarna a gonar maƙwabta."

Tsagar ta warke lafiya lau, don hannun Gwadabe ba ya ruɓa. Sai dai bayan kamar wata ɗaya da rabi, duk inda askar ta bi ya fito fari. Uku-uku, a jere, daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Shingen ma ya yi fari, ya haɗe da abin da aka ce ya tsare.

Hajo ta aika aka kira shi. Ta ɗauka zai ruɗe. Ina! Gwadabe na gani sai ya washe baki, ya buga cinya.

"Alhamdu lillahi! Ba na faɗa miki ba? Ga ta nan tana fitowa! Da tana can ciki tana cin ki ba ki sani ba. Yanzu mun buɗe mata ƙofa. Kawo ɗaya hannun."

"Ɗaya hannun lafiyarsa ƙalau."

"Haka kike gani. Wancan ma ai haka kika gan shi bara."

Maganar ta shige ta. Mutum ya ga abu ya fito ta inda aka tsaga, me zai ce in ba cutar ce ke gudu ba? Ta miƙa hagun. Aka kafa, aka zuƙa, aka tsaga. Kafin sanyi ya wuce, hagun ma ya ɗauki zanensa.

A nan ne ciniki ya fara sauya kama. Ba wanda ya ce mata komai, mutanenmu ba sa yin haka. Sai dai wanda ya saba zama ya sha a gabanta ya koma cewa a zuba masa a kwanonsa, zai dama da kansa. Daga baya kwanon ma ya daina zuwa. Leburorin da ke yin layi da rana suka riƙa wucewa ta bayan ɗorawa, kai a sunkuye, kamar masu neman allura. Ƙwaryar da kan ƙare kafin azahar sai ta kai la'asar da saura, ta koma gida da shi a ka, yana tsami.

Wanda ya fi ba ta haushi Shitu ne, direban tifa, wanda shekara biyu ke nan kullum sai ya sha kwano biyu yana yi mata surutu. Wata rana ta hango shi yana raɓe-raɓe, ta ɗaga murya.

"Shitu! Yau ba gaisuwa?"

"A'a, Goggo, ina wuni? Wallahi azumi nake."

"Azumin me, ranar Laraba?"

"Ramuwa ce, Goggo."

Ba a daɗe ba ta hango shi can ƙarshen layi, wajen Barira mai nono, ya kafa kai cikin ƙwarya har gashin bakinsa ya yi fari.

Hajo ta juya wajen Tasalla. "Ke, faɗa min. Shekara ashirin muna zaune, kada ki yi min kunya yau. Me ake cewa?"

Tasalla ta gyara faifan furarta, wanda ba ya bukatar gyara. Ita ma cinikinta ya ja baya, don fura ba ta tafiya ita kaɗai.

"Yaya Hajo, cewa ake kuturta ce."

Hajo ta dubi yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ta lanƙwasa su, ta miƙe. Ta faɗi wata magana da Fulatanci wadda Tasalla ba ta ji ba, ba ta kuma tambaya ba.

Ranar kasuwa ta gaba sarkin kasuwa, wani dattijo mai suna Daudu, ya zo da kansa. Ya tsuguna nesa kaɗan, ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi shanu, ya tambayi maigida, ya tambayi sanyi. Sannan ya ce mutane sun kawo masa magana, shi kuma abinci ba abin wasa ba ne. Ta je ɗakin shan magani a duba ta. In ta kawo shaida kasuwa mai zuwa, wurinta na nan. In babu, sai dai ta yi haƙuri ta huta a gida, a ba wata gindin ɗorawar.

"Na ji, ranka ya daɗe," in ji Hajo. Ta ɗora ƙwarya a ka tun rana na tsaka, ta kama hanyar gida.

Da labari ya kai wa Gwadabe, sai ga shi a rugar da sassafe, yana haki.

"Asibiti? Saura kafi ɗaya fa ya rage! Wannan karon a baya zan kafa, guda goma sha biyu, in kwashe ta daga tushe. Su can me suka sani ban da allura?"

"Wanzam, sarkin kasuwa takarda yake so. Ƙahonka na ba da takarda?"

"To zan bi ki. Kada su ɓata min aiki, su ce su suka warkar."

Haka suka tafi, ita a ƙasa da dogayen ƙafafunta, shi yana tura keke yana ƙoƙarin cim mata.

A lokacin akwai malamin asibiti mai kula da masu kuturta da ke zagaya ƙauyukan Karaye da Rogo a kan babur, ranar kuma ta faɗo yana Karaye. Sunansa Malam Abdulsalami. Hajo na shiga ta ga tsagar Barebari a fuskarsa, shi kuma ya ga kitsonta. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, ba a haɗuwa a rabu lafiya.

"Ikon Allah," in ji shi. "Yau baiwata ce ta kawo kanta har ofis."

"Bawa dai. Wa ya ba bawa farar riga da kujera? Lallai duniya ta lalace."

"Zauna, zauna, kafin in sa a mayar da ke daji. Wannan kuma fa?"

"Gwadabe wanzami," in ji Gwadabe, ya gyara zabira. "Ni nake aikin tun farko. Mun kusa gamawa."

Malam Abdulsalami ya kai Hajo bakin taga inda haske yake, ya duba hannuwan sama da ƙasa. Ya duba girarta, ya duba kunnuwa. Ya latsa jijiyar bayan gwiwar hannu ya tambaya ko da zafi, ta ce babu. Sannan ya ciro 'yar auduga, ya murza bakinta ya yi siriri kamar gashin kaza.

"Rufe idonki. Duk inda kika ji an taɓa, ki nuna da yatsa. Ban da leƙe, na san halinku."

Ya shafi tabon farko. Ta nuna. Ya shafi yatsa. Ta nuna. Ya shafi tsakiyar wani farin a sangali, a hankali yadda ko ƙuda ba zai sauka ba, sai ta janye hannun tana dariya.

"Kai, cakulkuli kake min!"

Ya jefa audugar a kwando. "Buɗe idonki. Ba kuturta ba ce."

Hajo ta dube shi. "Ka rantse."

"Shekara goma sha ɗaya ina duba kutare, Goggo. Tabon kuturta ba ya yin fari sol haka, ja-ja yake yi, ba ya gumi, kuma mataccen wuri ne, ko ƙaya ta soke shi mai shi ba ya ji. Naki kuwa auduga ma ta sa ki tsalle. Wannan ba ya cin yatsa, ba ya kuma kama wani. Ko da hannu kika dama wa mutum fura ba abin da zai same shi, sai ƙoshi."

"To mene ne, in ba ita ba ce?"

Ya jawo kujera ya zauna. "A cikin jinin kowa Allah ya sa masu gadi. Ƙanana ne, ido ba ya ganinsu. In baƙon abu ya shigo jiki, su ke far masa. Shi ya sa ƙurji kan yi ruwa, ya fashe, ya warke. Faɗa aka yi a wurin. To, kin taɓa ganin an yi ihun ɓarawo a kasuwa?"

"Sau nawa! Bara ma sun kusa kashe wani ɗan Daura, nan Daurar tamu ta Karaye, ashe akuyarsa ce ta tsinke yake bin ta da gudu."

"Wa ya cece shi?"

"Wani tsoho mai goro ne ya shiga tsakiya, ya ce ku tsaya, na san ubansa."

"Madalla. A cikin masu gadin nan ma akwai irin wannan tsohon. Su ba sa faɗa. Aikinsu su riƙa tsawata wa matasan, su ce wannan ɗan gida ne, ku ƙyale shi, faɗa ya ƙare, kowa ya koma. Muddin suna kan aikinsu, mutum lafiya lau. A jikinki su ne suka yi sanyi. Sai matasan suka kama marina suna duka."

"Waɗanne marina kuma?"

"Baƙin fatarki ai ba da kansa yake zuwa ba. Akwai masu rina shi, suna zaune cikin fata, 'yan gida ne tun haihuwa. Duk unguwar da aka kore su sai ta koma fara."

"Me marinan suka yi musu?"

"Ba su yi komai ba. Dalilin da ya sa tsofaffin ke yin sanyi kuwa, likitan da ya koya mana aiki a Zariya ya ce shi ma bai sani ba, ana nan ana bincike. Ni ba zan ƙirƙiro miki ba."

Gwadabe, wanda tun ɗazu yake motsi a kan benci, ya miƙe.

"Malam, ai maganarmu ɗaya ce! Tunda a jini suke, sai a zuƙe jinin, a fitar da 'yan iskan. Abin da nake yi ke nan!"

"Wanzam, zo nan." Malam Abdulsalami ya ɗaga hannun Hajo. "Duk inda askarka ta taɓa, ihun ɓarawo ka yi. Su kuma sai su rugo da sanduna. A jikin wani, sukan zo su gyara wurin, tsoho ya sallame su. A jikinta ba mai sallamarsu. Suka zo ba su tarar da ɓarawo ba, sai marina. Duba da kyau. Tabon da ya fito da kansa guda nawa ne? Sauran fa, zanen wa ke nan?"

Gwadabe ya sunkuya. Ya bi layukan da ido daga wuyan hannu zuwa gwiwa, ya koma hagun, wanda shi da bakinsa ya ce a kawo. Uku-uku, a jere. Ba wanzamin da ke irin wannan tsagar a ƙasar Karaye sai mutum ɗaya. Ya koma benci ya zauna, ya ɗora zabira a cinya.

Can ya ce, da 'yar ƙaramar murya, "To ƙaho ba shi da amfani ke nan?"

"Ban ce komai a kan ƙahonka ba. Na ce wannan jikin dai ka bar shi."

Ya ba Hajo wani ɗan man shafawa, ya ce ba ya kashe komai, rarrashi kawai yake yi, ya sa matasan su sassauta. Ta shafa kaɗan-kaɗan, kada ta lafta kamar man shanu, kuma ta dawo bayan wata ɗaya ya gani. Ban da aska, ban da dirza da toka. In rana ta take ta rufe hannuwan da mayafi, don farin wuri saurin ƙonewa yake. Ya faɗa mata gaskiya cewa wani wurin zai iya komawa baƙi, wani kuwa, musamman yatsu, da wuya. Sannan ya rubuta takarda ya buga hatimi.

"Ungo. Ladan aikina kindirmo ne, na yau, ba na shekaranjiya ba."

"Bawa ba ya zaɓen abinci," in ji Hajo. Amma ta ƙulle takardar a bakin zane da ƙulli biyu.

A hanyar komawa Hajo ta so ta yi wa Gwadabe tatas, ta ma shirya maganganun tun daga bakin asibiti, amma da ta waiwaya ta ga yadda yake tura keken nan kamar mai rakiyar gawa, sai ta haɗiye. A mararraba ya ce ta gaida gida, ya hau ya tafi.

Ranar kasuwa Hajo ta zo da wuri. Daudu ya karɓi takardar, ya dubi rubutun, ya dubi hatimin, ya ce rubutun dai na masu shi ne, amma hatimi ya gani. Ya ce ta zauna wurinta.

Ta zauna, ta buɗe faifai, ta jera ludaya. Hantsi ya yi, ba kowa. Rana ta ɗaga, mace ɗaya ta sayi man shanu, ta karɓa da gefen mayafi. Takarda ta gamsar da sarkin kasuwa, amma leburan da ke jin yunwa bai ga takarda ba, hannu yake gani. Tasalla ta yi ta kiran "Ga fura, ga nono!" har muryarta ta dushe. Hajo ta fara tunanin cewa wurin da ba a sayen komai a cikinsa, ko an bar maka shi an kore ka ne.

Bayan azahar, lokacin da ma'aikatan madatsa ke saukowa cin abinci, sai ga Gwadabe. Ya jingine keke a jikin ɗorawa, ya hau kan saiwa don a gan shi, ya yi gyaran murya.

"Jama'a! Ku matso, magana gare ni!"

Wanzami ba ya rasa masu saurare, don rabin kasuwar ya taɓa riƙe musu kai. Aka taru.

"Kun san ni. Na yi wa wasunku kaciya, kuma ba wanda ya dawo ya ce ban iya ba." Aka yi dariya. "Wannan zanen da kuke gani a hannun Hajo kuna gudu, ba kuturta ba ce. Aikina ne. Ni na tsaga. Duk wanda na taɓa yi wa ƙaho ya duba jikinsa, zai ga uku-uku. In kuturta ce, to dukanku kutare ne."

Nan fa aka shiga ɗaga riguna. Wani na leƙa kafaɗarsa, wani na cewa abokinsa ya duba masa baya. Wani mahauci ya ce, "Wallahi uku ne!"

"To me ya sa namu bai yi fari ba?" in ji Shitu direba daga baya.

"Tambaya mai kyau, ko da yake daga bakinka ta fito. Masu gadin jininta ne suka yi zafin kai, suna dukan 'yan gida. Ni kuma na zo ina ta yi musu ihun ɓarawo da aska. Kuskure ne." Ya ɗan tsaya, ya share goshi. "Nawa ne. Na faɗa, ba kuma zan maimaita ba, kada wani ya zo gobe ya ce in sake."

Mutum mai sana'ar gado ya hau kan saiwa a tsakiyar kasuwa ya ce ya yi kuskure, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma masu hankali a wurin sun gane haka. Amma Gwadabe bai tsaya nan ba. Ya zaro auduga daga zabira, ya murza bakinta.

"Yanzu zan nuna muku yadda mu masana ke gane kuturta. Tasalla, ɗaure mata ido. Kuturu ba ya jin taɓi a tabonsa. Wa zai gwada?"

Hajo ta ce, "Wanzam, ni ka mayar abin kallo?"

"Yi haƙuri, Hajo. Nonon nan tsami yake yi."

Ta dubi ƙwaryar, ta dubi taron, ta miƙa wa Tasalla ɗankwali. Aka ɗaure. Gwadabe ya danƙa wa Shitu audugar, ya tura shi gaba. Shitu ya matso kamar mai shiga ruwan sanyi. Ya ɗaga audugar, ya riƙe ta a sama bai taɓa ba, ya ƙyafta wa mutane ido.

"Goggo, ina na taɓa?"

"Ba ka taɓa ko'ina ba, matsoraci. Numfashinka dai nake ji, kuma albasa ka ci."

Kasuwa ta kwashe da dariya. Shitu ya ji kunya, ya shafi yatsan. Ta nuna. Ya shafi sangali. Ta nuna. Ya koma hagu, ya yi sauri, ya yi a hankali, ya yi sau biyu a wuri ɗaya, duk tana nunawa, har ta gaji ta kai masa duka da ludayi, ta kuwa same shi a wuyan hannu, ido a ɗaure.

Gwadabe ya sauko daga saiwa, ya sayi fura wajen Tasalla, ya miƙa wa Hajo. Ta kwance ɗankwali, ta dama masa a gaban kowa. Ya zauna ya shanye tas, ya lashe ludayi, ya yi gyatsa mai ƙarfi don na baya su ji. Mahaucin nan ya biyo. Sai leburori biyu. Shitu ya tsaya yana murza wuyan hannu, can ya tsuguna ya ce a zuba masa, a cika, tunda an riga an doke shi.

Ba ranar aka gama komai ba. Ta koma gida da saura a ƙwarya, sai dai ba mai yawa ba. Wasu sun dawo a kasuwa ta gaba, wasu sai da suka ga wata biyu sun wuce yatsun mahauci na nan cif. Wasu ba su dawo ba har abada, suka zauna wajen Barira, Hajo kuma ba ta bi su ba.

Da damina ta kewayo, sai 'yan ɗigo-ɗigo baƙaƙe suka fara fitowa a cikin farin sangalinta, kamar an watsa gero. Ta kai wa Malam Abdulsalami ya gani, tare da kindirmonsa. Ya ce marina ne suka fara leƙowa, sun ga gari ya lafa. Yatsun dai suka zauna farare, ta kuma saba da su.

Gindin ɗorawar bai fita hannunta ba. In baƙon direba ya zo ya tsaya yana kallon hannun, yana jan ƙafa, takan ɗaga kai ta dube shi.

"Malam, labari kake so ko nono? Labarin dogo ne, nonon kuma ya kusa ƙarewa."